Daga bakin baƙin rami: Abin da hasken eksire ke tonawa a tsakiyar galaksi

A watan Maris na 2018, wasu na'urorin hangen nesa da aikinsu shi ne gadin sararin sama kowane dare sun lura cewa wani galaksi mai suna 1ES 1927+654 ya ƙara haske kusan ninki 40. Galaksi shi ne tarin biliyoyin taurari da ke tafiya tare, kuma wannan yana da nisan da haskensa kan yi fiye da shekara miliyan 200 a hanya kafin ya iso mu. An daɗe da sanin cewa a tsakiyarsa akwai ƙaton baƙin rami da ke haɗiye iskar gas. Nan da nan masana suka juya na'urorinsu masu ganin hasken eksire zuwa wajen, ciki har da NICER da ke maƙale a jikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa.

Sun zaci za su ga wuta ta ƙara ruruwa. Sai ga shi cikin 'yan makonni hasken eksiren ya dusashe har ya koma kashi ɗaya cikin 10,000 na yadda yake, kamar an hure fitila. Ana cikin mamakin haka ya fara dawowa, kuma bayan 'yan watanni ya zarce yadda yake tun farko.

Ramin bai je ko'ina ba, faifan gas da ke kewaye da shi ma yana nan. Abin da ya ɓace ya dawo wani abu ne na uku, wanda babu na'urar da ta taɓa ɗaukar hotonsa, amma kusan duk abin da aka sani game da unguwar da ke dab da bakin waɗannan ramuka ta hanyarsa aka san shi.

Hasken da iska ke tarewa

Duk ma'aikacin da ya taɓa neman takardar shaidar lafiya kafin kama aiki ya san eksire: a tsayar da mutum gaban allo, a ce ya ja numfashi ya riƙe, a ɗauki hoton ƙirjinsa. Haske ne irin wanda ido ke gani, sai dai kowace ƙwayarsa tana ɗauke da ƙarfi ninki dubbai. Wilhelm Röntgen ne ya gano shi a birnin Würzburg na Jamus a 1895, kuma shi ya karɓi lambar yabo ta Nobel ta farko a fannin fiziks a 1901.

Abin mamaki, hasken da ke ratsa tsoka ba ya iya ratsa iskar da ta lulluɓe duniya. Nauyin iskar da ke bisa kanmu daidai yake da na ruwa mai zurfin kusan mita 10, kuma tana shanye duk eksiren da ya taso daga sama. Rahama ce ga masu rai, amma ga mai nazarin taurari ƙofa ce a kulle. Dole sai an ɗaga na'ura sama da iskar.

A watan Yuni na 1962, Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba wani roka daga jihar New Mexico ta Amurka, ya yi 'yan mintoci a sama. Eksire daga wata suka ce za su nema. Ba su same shi ba, amma sun ci karo da wani tushe mai ƙarfi daga can wajen tsarin rana, da kuma wani raunanan haske da ke zuwa ta kowace kusurwa. Tauraron ɗan'adam na farko da aka keɓe wa wannan aiki daga Afirka ya tashi. An harba shi ranar 12 ga Disamba, 1970, daga wani dandamalin Italiya da ke cikin teku kusa da Malindi a Kenya, ranar da ƙasar ke cika shekara 7 da samun mulkin kai, shi ya sa aka raɗa masa suna Uhuru, wato 'yanci da harshen Swahili. Ya lissafa tushe 339. Da yawa daga cikinsu na cikin galaksinmu ne, amma akwai kaɗan da ke fitowa daga tsakiyar wasu galaksin, kamar NGC 4151.

Ramin da ba rami ba

Sunan "baƙin rami" da muka saba rubutawa yana ɗan ruɗarwa, domin rami wuri ne da babu komai a cikinsa. Wannan kuwa wuri ne da abu ya cunkushe har ƙarfin jawowarsa ya kai matsayin da ko haske ya shiga ba ya fita. Iyakar da ba a dawowa daga gare ta tana da nisan kilomita 3 daga cibiya ga kowane nauyin rana ɗaya. Wanda ke tsakiyar galaksinmu ya kai nauyin rana miliyan 4, don haka iyakarsa tana wajen kilomita miliyan 12. Na galaksin M87, wanda aka nuna wa duniya hoton inuwarsa a watan Afrilu na 2019, ya kai nauyin rana biliyan 6.5.

Kusan kowane babban galaksi yana da irin wannan a cibiyarsa, amma yawancinsu a kwance suke, ba su da abin ci. Kaɗan ne ke samun gas mai yawa, kuma su ake kira galaksi masu ruruwar cibiya. Carl Seyfert ya bayyana wasu daga cikinsu tun 1943. A 1963 Maarten Schmidt ya gano cewa wani abu mai kama da ƙaramin tauraro, 3C 273, yana da nisan fiye da shekarar haske biliyan 2, wanda ke nufin shi kaɗai ya fi dukan taurarin galaksinmu haske nesa ba kusa ba. A 1969 Donald Lynden-Bell ya kawo bayanin da har yau ake kansa: gas ne ke gangarawa cikin ƙaton baƙin rami.

Gas ɗin ba ya faɗawa kai tsaye. Da ɗan juyinsa yake zuwa, don haka sai ya shimfiɗu ya zama faifai yana kewaya ramin, kamar yadda ruwa ke zagaya bakin magudana kafin ya shige. Zoben ciki ya fi na waje sauri, suna gogar juna, maganaɗisun da ke cikin gas ɗin yana yamutsa su, kowane zobe yana rasa ɗan ƙarfi yana zamewa ciki. Ƙarfin da ya rasa shi ke zama zafi da haske. Nikolai Shakura da Rashid Sunyaev ne suka tsara lissafin wannan faifai a Mosko a 1973.

Ribar da ke cikin wannan gangara ba ta da na biyu. Wutar nukiliyar da ke kunna rana tana mayar da kashi 7 ne kacal cikin 1,000 na nauyin makamashinta zuwa haske. Faifan da ke kewaye da ramin da ba ya juyi yana mayar da kusan kashi 6 cikin 100, idan kuma ramin yana juyi iyakar gudunsa, lissafi ya nuna abin zai iya kaiwa kashi 42 cikin 100. Gas mai nauyin rana ɗaya ko biyu a shekara ya isa ya dusashe hasken biliyoyin taurari.

Inda lissafi ya ƙi

A nan ne matsalar take. Lissafin Shakura da Sunyaev ya nuna cewa gwargwadon girman rami, gwargwadon sanyin faifansa. Idan nauyi ya ninka sau 10, wutar da ramin zai iya ɗauka ta ninka sau 10, amma faɗin filin da za ta bazu a kai ya ninka sau 100. Garwashin da aka tara a kasko ya fi wanda aka baza a tsakar gida ƙuna. Ƙaramin ramin da ya samu daga mutuwar tauraro ɗaya faifansa kan kai digiri miliyan 10, ya fitar da eksire da kansa. Na tsakiyar galaksi kuwa bai cika wuce digiri 100,000 ba, kuma a wannan zafi hasken da ya fi fitarwa shi ne na altarabayolet, wanda ke gaba kaɗan da abin da ido ke gani. Bai isa ya haifar da eksire mai ƙarfi ba.

Amma ga eksiren ana gani, kuma yana canzawa cikin sa'o'i, wani lokaci cikin mintoci. Wannan saurin kansa ma'auni ne. Abu ba zai iya haskakawa ko dusashewa gaba ɗayansa ba cikin lokacin da bai kai wanda haske ke buƙata ya ratsa shi ba. A awa ɗaya haske na cin kilomita biliyan ɗaya da 'yan kai, abin da bai kai nisan rana zuwa duniyar Satan ba. Ke nan ko mene ne ke fitar da eksiren, ɗan ƙarami ne, kuma yana dab da ramin.

Masana sun sa masa suna korona. Kalmar Latin ce mai ma'anar kambi, kuma ba ta da wata alaƙa da cutar da ta rufe ofisoshi a 2020 in ban da cewa ita ma ƙwayar cutar saboda siffar kambi aka kira ta haka. An aro sunan ne daga zazzafan lulluɓin da ake gani kewaye da rana lokacin husufi. Korona ta baƙin rami gajimare ne na elektron, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, masu zafin da ya kai digiri biliyan ɗaya. Hasken altarabayolet da ya taso daga faifai yakan kutsa cikinsu, wannan ya buge shi, wancan ya buge shi, kowane karo yana ƙara masa ƙarfi, kamar ƙwallon da ta gangaro a hankali ta faɗa tsakiyar 'yan wasa, har ya fito ya zama eksire. Francesco Haardt da Laura Maraschi na Italiya sun tsara wannan bayani na faifai mai sanyi da korona mai zafi a 1991. Abin da ke hura wa koronar wuta, a ra'ayin mafi rinjaye, igiyoyin maganaɗisu ne da ke murɗewa suna tsinkewa a saman faifan.

Sa hannun ƙarfe

Da a ce eksiren yana tahowa wajenmu ne kawai, da labarin bai yi nisa ba. Amma korona fitila ce da ke haska kowane ɓangare, kuma wani kaso na haskenta yana sauka a kan faifan da ke ƙarƙashinta. A cikin gas ɗin akwai ɗan ɓurɓushin ƙarfe, irin wanda tsofaffin taurari suka ƙera suka watsar. Idan eksire ya bugi ƙwayar zarrar ƙarfe, takan mayar da martani da haske mai ƙarfi guda tak, wanda a ma'aunin masana ake rubutawa keV 6.4. A ɗakin gwaji, idan aka jera hasken gwargwadon ƙarfinsa kamar yadda bakan gizo ke jera launuka, wannan martani siririn layi ne a tsaye. Sa hannun ƙarfe ke nan, ba ya canzawa.

A 1989 Andrew Fabian na Cambridge da abokan aikinsa suka lissafa yadda layin zai kasance idan daga bakin rami ya taso. Gefen faifan da ke tahowa wajenmu zai ƙara masa ƙarfi da haske, gefen da ke guje mana zai rage. Sannan duk hasken da ke hawowa daga kusa da ramin sai ya biya kuɗin fito, ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, kamar yadda ka'idar Albert Einstein ta tanada. Sakamakon shi ne layin zai baje, ya karkace, ya ja doguwar jela zuwa ɓangaren rauni.

A watan Yuli na 1994 tauraron ASCA na Japan ya ƙura wa galaksin MCG-6-30-15 ido na fiye da kwana huɗu. Yasuo Tanaka da tawagarsa suka wallafa sakamakon a mujallar Nature a 1995, kuma ga layin nan a baje, a karkace, da jelarsa. Faɗinsa ya nuna gas mai gudun kusan kilomita 100,000 a daƙiƙa, sulusin gudun haske.

Tsawon jelar yana da amfani na musamman. Akwai zobe na ƙarshe da gas zai iya kewayawa lafiya, daga nan sai faɗawa. Ga ramin da ba ya juyi, zoben yana da nisan ninki uku na iyakar ramin, amma ga wanda ke juyi iyakar gudu, faifan zai iya matsowa har zuwa kashi ɗaya cikin shida na wancan nisa. Gwargwadon matsowarsa, gwargwadon tsawon jela. Da haka ake auna juyin abin da ba a gani. Juyin kuma tarihi ne: ramin da ya girma ta hanyar cin gas daga ɓangare ɗaya na tsawon zamani zai yi ta ƙara gudu, wanda kuwa ya girma ta hanyar cin abinci daga ko'ina ba tsari zai kasance mai nawa.

Ba kowa ne ya amince ba, kuma masu ja suna da hujja. Sun ce gizagizan gas da ke giftawa tsakaninmu da ramin za su iya cinye wani sashe na hasken su bar siffa mai kama da jela. An shafe kusan shekara 20 ana wannan muhawara. Ta fara lafawa ne bayan an harba NuSTAR a 2012, wanda ke ganin eksire mafi ƙarfi, inda bayanan biyu suka yi hannun riga a hasashensu. A 2013 Guido Risaliti da tawagarsa suka haɗa NuSTAR da XMM-Newton na Turai a kan galaksin NGC 1365, sakamakon ya goyi bayan martanin faifai, ya kuma nuna ramin na juyi kusa da iyaka. Duk da haka, mai karatu ya riƙa ɗaukar alƙaluman juyi da taka-tsantsan. Suna dogara ne ga zato game da siffar korona da kaurin faifai, sannan ramuka masu saurin juyi sun fi haske, sun fi saurin shiga lissafi.

Amsa-kuwwa

Wanda ya taɓa yin kira a gindin dutse ya san cewa jinkirin amsa-kuwwa yana gaya masa nisan dutsen. Haka abin yake a nan. Idan korona ta yi walƙiya, hasken da ya taho kai tsaye shi zai fara isowa, wanda ya biya ta kan faifai ya biyo baya. A 2009, da na'urar XMM-Newton, Fabian da abokan aikinsa suka auna wannan jinkiri a galaksin 1H 0707-495: kusan daƙiƙa 30. A daƙiƙa 30 haske na cin kilomita miliyan 9, abin da bai kai kashi ɗaya cikin shida na nisan rana zuwa Makyuri ba, duniyar da ta fi kusa da ita. Babu madubin da zai iya rarrabe wannan tazara daga irin wannan nisa. Agogo ne ya yi aikin da madubi ya kasa.

A 2021 Dan Wilkins na jami'ar Stanford ya ba da rahoton abin da ya fi wannan ban mamaki daga galaksin I Zwicky 1, mai nisan shekarar haske kusan miliyan 800. Bayan manyan walƙiya, sai aka ga wasu ƙanana sun biyo baya a makare, da launin da ya dace da sashen faifan da ke bayan ramin. Ya kamata a ce ramin ya kare wannan sashe. Amma nauyinsa ya lanƙwasa hanyar hasken, ya zagayo da shi ta gefe har ya iso mu.

Siffar koronar ita ce ba a gama daidaitawa a kanta ba. Lissafi da yawa suna ɗaukarta kamar ƙwan fitila da ke rataye a saman ramin, saboda hakan ya fi sauƙin sarrafawa. Amma tauraron IXPE da aka harba a watan Disamba na 2021, wanda ke auna ɓangaren da igiyar hasken ke kaɗawa, ya duba NGC 4151, ya samu alamar da ta fi dacewa da korona mai shimfiɗa a kan faifai. Game da abin da ya faru a 2018 kuma, bayani biyu ke gaba: ko dai wani tauraro ne ya yi ɓatan kai, ramin ya yayyaga shi, tarkacensa suka rusa cikin faifan, ko kuma maganaɗisun faifan ne ya juye baki ɗaya, arewa ta koma kudu, wutar koronar ta mutu kafin sabon ya kafu.

Namu ramin ma yana da tarihi a rubuce da irin wannan amsa-kuwwa. Yanzu shiru yake, amma manyan gizagizan gas da ke kusa da tsakiyar galaksinmu suna fitar da layin ƙarfe na keV 6.4, alhali sun yi sanyin da ba za su iya haifar da shi da kansu ba. Hasken wata tsohuwar walƙiya ce suke mayarwa. Awon da IXPE ya yi, wanda aka wallafa a 2023, ya nuna cewa ramin ya farka na ɗan lokaci kimanin shekara 200 kafin hasken da muke gani daga gare shi yanzu.

Idanu kaɗan, kuma sun tsufa

Duk wannan ilimi ya rataya ne a kan na'urorin da ba su kai yawan yatsun hannu biyu ba. Ƙera su da wuya, domin eksire ba ya dawowa daga madubi idan ya doke shi gaba da gaba, sai in ya shafe shi a karkace, kamar tsakuwar da yaro ya jefa ta yi tsalle a kan ruwa. Manyan biyu, Chandra na Amurka da XMM-Newton na Turai, duka a 1999 aka harba su. An tsara Chandra ne ya yi shekara biyar.

Japan ta sha wuya a wannan fage fiye da kowa. Tana son aika wata na'ura da ake sanyaya ta zuwa kashi 5 cikin 100 na digiri ɗaya sama da sanyi na ƙarshe, ta yadda za ta ji ɗumin kowace ƙwayar eksire guda da ta faɗo mata. Ta farko ta salwanta tare da rokarta a 2000. Ta biyu, a cikin tauraron Suzaku, ta rasa sinadarin sanyayawarta makonni kaɗan bayan harbawa a 2005. Ta uku, Hitomi, ta tashi a watan Fabrairu na 2016, amma a ƙarshen Maris wasu kurakurai a tsarin daidaita ta, haɗe da umarni mara daidai da aka ɗora mata, suka sa ta yi ta juyi har ta tarwatse. Ta huɗu, XRISM, ta tashi a watan Satumba na 2023, ita ma murfin da ke kare idonta ya ƙi buɗewa. An yi sa'a murfin raunanan eksire kawai yake tarewa, layin ƙarfe yana wucewa, kuma a NGC 4151 ta rarrabe shi zuwa sassan da ke fitowa daga wurare daban-daban, daga faifai har zuwa ƙurar da ke can waje.

Sai batun kuɗi, wanda masu aiki da takardun kasafi ba sa buƙatar a fassara musu. A watan Maris na 2024, daftarin kasafin hukumar NASA ya nemi a rage kuɗin gudanar da Chandra daga kusan dala miliyan 68 zuwa miliyan 41, sannan a ci gaba da zaftarewa har ya koma kusan miliyan 5 a 2029, wanda a aikace rufewa ce. Na'urar tana aiki, babu kuma wata mai kaifin ganinta a sama ko a layin harbawa. Masana suka tashi haiƙan, wasu 'yan majalisa suka sa baki, hukumar ta jingine batun zuwa wani lokaci. Babbar magajiyar da Turai ke shiryawa, NewAthena, ba a sa ran tashinta sai wajen 2037.

Bayanan da Chandra da XMM-Newton suka tattara ba a kulle suke ba. Wanda ya nemi a yi masa awo yakan riƙe sakamakon shi kaɗai na wani ɗan lokaci, daga nan a zuba shi a rumbun da kowa zai iya saukewa kyauta ta intanet, tare da manhajojin tace shi. Ɗalibin fiziks a Nsukka, inda hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, ke da cibiyar nazarin taurari, zai iya buɗe awon 1H 0707-495 a kan kwamfutarsa, ya nemo daƙiƙa 30 ɗin nan da kansa.